Hayaƙin Mma a Tukunyar Tace Ruwa

Shekarar da 'yata ta isa fara shan ruwa, famfon gidanmu a Tishigu ya fi yin tari a kan kawo ruwa. Sai ki murɗa shi ya yi ta kakari, ya ɗigo abin da bai cika moɗa ba, ya yi shiru. In abin ya daɗe, sai mu sayi na masu yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, da ke zagaya unguwa da jarkoki, su kuwa ba a tambayarsu inda suka ɗebo. Wata rana ruwan garau, wata rana kamar an tsinka koko. Mu manya mukan jefa alam, mu jira ya kwanta, mu sha abinmu.

Ni dai ban yarda in ba jaririya wannan ba. Ɗan yayata da ke aure a Gurugu gudawa ce ta ɗauke shi yana rarrafe, kuma a gabana aka yi. Tun daga nan nake duba kashin yaro kamar yadda wasu ke duba fuskarsa. Da na haifi tawa sai abin ya ƙaru. Nakan shinshina cokali kafin in kai mata baki. In barcinta ya yi nisa sai in sa yatsa a hancinta in ji numfashi. Surukata, wadda duk gidan ke kira Mma, takan ce na mayar da raino aikin gadi.

A wurin awon yara aka ba mu tukunyar. Ranar nas ɗin ta tsayar da mu, masu jariran da suka kusa fara cin abinci, ta ɗora wani farin bokitin roba a kan tebur, mai ɗan famfo a ƙasa. A bakin bokitin an zaunar da tukunyar ƙasa, ja, mai faɗin baki, ba ado ko ɗaya. Ta ce a zuba ruwa a cikin tukunyar, ya riƙa tsattsafowa ta jikinta yana ɗiga cikin bokitin, datti ya tsaya a sama. Wata ƙungiya ce ke gina su a bayan gari. Suna kwaɓa yumɓu da ɓuntun shinkafa, in an gasa sai ɓuntun ya ƙone ya bar ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Wannan na gane shi, don kakata maginiya ce.

Bayaninta na biyu ne ya tsaya mini a rai. Ta ce bayan gashi ana shafe tukunyar da ruwan azurfa. Ba irin azurfar zobe ba, wai an mayar da ita ta fi ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba, masu ilimin abin suna ce mata nano. Ita ce ke kashe ƙwayoyin cutar da suka samu wucewa ta ƙofofin.

Wata mata a bayana ta ce, "To Anti Nas, in tukunyar ta tsufa a kankare mana mu yi 'yan kunne."

Aka yi dariya. Nas ta ce ko an kankare ta duka ba za ta rufe kan allura ba. Sannan ta gargaɗe mu: kada sabulu ya taɓa tukunyar, kada soson ƙarfe, kuma ruwan farko-farko a zubar da shi, kada a sha. Na so in tambaye ta, abin da ke kashe ƙwayar cuta, in ya shiga cikin yaro ina yake zuwa? Amma mata sun fara miƙewa, rana ta yi, ni kuma karatuna a aji huɗu ya tsaya, ba na son yin tambayar da za a juyo a kalle ni.

Maigidana ne ya ɗauko mu a babur, ni da goyo da bokiti a cinya. Gyaran babur yake yi a hanyar Kalpohin, saboda haka duk abin da ke da famfo ko marfi sai ya kwance ya gani. Ya juya tukunyar, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya nuna mini wani tambari a jikin bokitin.

"Kin ga an buga hatimi. Hukuma ta duba."

"Robar suka duba ko azurfar?"

Ya sake kallon tambarin. Ya ce, "Ke dai komai sai kin tona ƙarƙashinsa."

Na ajiye ta a lungun ɗakina na yi yadda aka ce. Na cika, na zubar, na cika, na zubar, har Mma ta leƙo ta ce ruwan da aka saya ne nake shayar da ƙasa. In na ɗaga tukunyar a rana ina ganin wani ɗan duhu-duhu a cikinta, kamar inda aka goga toka. Ban san ko azurfar ce ba, ko kuwa idona ne ke nema. Ruwan da ke fitowa kam garau yake, ba ɗanɗano, ba wari. Na sha, maigida ya sha. Yarinyar ban ba ta ba tukuna. Na ce sai na ga yadda cikina zai yi.

Mma ta kurɓa sau ɗaya ta miƙo mini moɗar. Ta ce, "Wannan ruwan asibiti ne."

A gidan nan ba a zuba ruwa a sabuwar randa sai Mma ta yi mata turare. Haka ta taras a wurin uwarta, haka maƙwabtanmu Dagwamba ma ke yi. Takan wanke randar ta shanya, ta zuba garwashi a kasko, ta watsa ɓawon ƙwaran kaɗe da wasu 'yan saiwoyi da take saya a kasuwa, sannan ta kifa randar a kai ta toshe gefe da tsumma. Hayaƙin ya shige jikin ƙasar. Ruwan da aka zuba bayan haka yana da sanyi da wani ƙamshi wanda in kin saba da shi, ko'ina kika sha ruwa sai ki ji da saura. Baƙi kan yaba randar Mma kafin su yaba tuwonta, kuma tana sane. Lokaci-lokaci takan sabunta turaren, ranar kuwa duk wata tukunyar ruwa da ke gidan sai ta bi layi.

Nas ba ta ce komai a kan hayaƙi ba. Ni ma bai zo mini a rai ba.

Ranar da abin ya faru na tafi suna Gurugu tun da safe. Na dawo bayan la'asar, tun daga zaure na ji ƙamshin. A tsakar gida randunan Mma suna jere a kife suna hucewa, a ƙarshen layin kuma ga tukunyata, a kan kasko, tsumma zagaye da bakinta, hayaƙi na fita ta jikinta siriri-siriri ta ko'ina. Ban taɓa ganin tukunya na fitar da hayaƙi ta gindi ba sai ranar. Ƙofofin da nas ta faɗa, ga su na gani.

Mma tana zaune a kujera 'yar tsugunno tana fifita. Ta ce, "Amarya, kin dawo? Na gyara wa kishiyata tukunyarta." Haka take kiran jikarta da wasa. "Ba za ta fara shan ruwa a gidan nan da ruwa marar ƙamshi ba."

Na ce, "Sannu da aiki, Mma."

Abin da na iya faɗa ke nan. Na ɗauki tukunyar da zani, da sauran zafinta, na kai ɗaki. Cikinta ya koma ruwan ƙasa mai duhu, in na shafa sai yatsana ya yi danƙo. Washegari na zuba ruwa. Ɗigar ta ragu, sai ta wani gefe guda da ke saurin jiƙewa. Ruwan ya fito da ƙamshin randar Mma, ya ɗan yi rawaya.

Na zauna ina lissafin abin da ban sani ba. Ko hayaƙin ya rufe azurfar ta daina aiki. Ko zafi ya ɓamɓaro ta, yanzu duk tana cikin ruwan. Ko ta haɗu da danƙon hayaƙin sun zama wani abu dabam. Da, abu ɗaya nake tsoro. Yanzu sun zama da yawa, kuma ba wanda ake gani a cikinsu.

Na koma dafa wa yarinyar ruwa a kan gawayi, in juye a kwalba in rufe. Gawayi ba ya isa, ruwan kuma ko an dafa shi kalar kokon nan ba ta fita. Wani lokaci in saya mata fiya wata, shi ma in tsaya ina juya ledar, don na sha ganin yadda ake jibge su a rana a bakin titi. Mma ta lura tukunyar na zaune a bushe. Sai ta je ta samu ɗanta.

Ya shigo ɗaki yana goge hannu da tsumman mai. Ya ce, "Mma ta ce kin ƙi ruwanta."

"Ban ƙi ba. Ban san abin da ke ciki ba ne."

"Ni da me aka raine ni? Ga ni nan ina ɗaga inji."

"Randar da aka raine ka da ita ba azurfa a jikinta."

Ya ce to in je in tambayi waɗanda suka ba ni, in huta, shi ma ya huta.

A awo na gaba na jira kowa ya watse, na faɗa wa nas a hankali. Ta riƙe baki, ta ce ita ma uwarta na yi wa randa turare, amma ba ta taɓa haɗa wannan da wancan ba. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, ba ta sani ba. Amma akwai wata ma'aikaciya daga ofishin da ke duba ingancin kayan ci da sha, tana bin gidajen da aka raba tukwanen tana ɗibar ruwansu. Za ta kwatanta mata gidanmu.

Ma'aikaciyar ta zo wata safiya a kan babur, da hular kwano a kan mayafinta da akwatin sanyi ɗaure a baya. Ba ta girme ni sosai ba. Ta gaida Mma da Dagbanci, ta ji an amsa mata da Hausa, sai ta juya harshe, irin Hausar kasuwa da ba ta damu da mace ko namiji ba. Mma ta kawo mata ruwan randa, ta sha, ta ce, "Mma, wannan ruwa ya yi daɗi." Daga nan Mma ta saki fuska.

Na fito da tukunyar. Ta sa safar hannu, ta ɗaga ta a rana, ta shinshina, ta ɗauki hoto da wayarta. Ta tambayi Mma me ta ƙona, wutar ta kai yaya, ta daɗe a kife ko kuwa. Mma ta shiga ɗaki ta kawo mata saiwoyin a tafin hannu, tana bayani kamar mai koyar da girki.

Ni kuma na samu bakin yin tambayar da ta daɗe a raina. Na ce, "Anti, ashe ba a gwada tukwanen nan ba kafin a ba mu?"

Ta ce, "An gwada. Amma sabuwa aka gwada, a ɗaki mai tsabta, da ruwan da aka auna. Yanzu muna so mu ga yadda suke a hannun mutane. Wani gida na taras ana jiƙa gero a ciki."

"Hatimin da ke jikin bokitin fa?"

"Na robar ne da yadda take tace ruwa. Ita azurfar, mun san iyakar da bai kamata ta wuce ba a ruwan sha. Amma irin wannan 'yar mitsitsiyar, har yanzu manya suna kan zama a kan dokarta. Ba mu kaɗai ba, har ƙasashen da suka fi mu kayan aiki."

Ta juya ga Mma ta tambaye ta ko gidaje da yawa na yin turaren nan. Mma ta dube ta kamar ta tambayi ko ana cin tuwo a Tamale. Ta ce, "Duk gidan da ke da tsohuwa."

Ma'aikaciyar ta cika ƙananan kwalabe da ruwan tukunyar, ta jera a akwatinta, ta ce za ta tafi da tukunyar ma, za ta sa a kawo mini wata. Mma ta ce in an gama a dawo mata da tata, ta yi wahala a kanta.

Sabuwar ta iso ba da daɗewa ba. Na sake cikawa da zubarwa. Na lulluɓe ta da zani, in zan fita unguwa sai in kulle ɗaki, abin da ban taɓa yi ba tun zuwana gidan. Mma ta ga kwaɗon, ta kawar da kai. Muka ci gaba da gaisawa yadda aka saba, ba ƙari. Yarinyar kuma har lokacin dafaffen ruwa nake ba ta, don na ce sai na ji daga bakin matar nan.

An yi makonni. A tsakanin yarinyar ta yi zawo na yini guda, na goya ta zuwa asibiti, aka ce haƙori ne ko kuma wani abu ta tsinta a ƙasa, aka ba mu gishirin haɗawa a ruwa. Na dawo gida na tsaya riƙe da ledar ina duban kwalbar dafaffen ruwa, mai kalar koko, da bokitin da ke ƙarƙashin zani. Da ruwan kwalbar na haɗa.

Ma'aikaciyar ta biyo wata rana da hantsi, ba ta ko sauka daga babur ba sai da Mma ta matsa mata. Ta zauna a bakin tabarma ta faɗa mana abin da suka gani. Tukwanen da ba a yi wa komai ba, in an zubar da ruwan farko, azurfar da ke fita kaɗan ce, ba ta kai kusa da iyakar ba. Tawa ta farko kuwa zafi ya yi mata wata 'yar tsaga da ba a gani sai da madubin gwaji, ta nan ruwa ke wucewa ba tacewa. Danƙon hayaƙin kuma ya toshe wasu ƙofofin.

Mma ta ce, "Ke nan ƙasarsu ce ba ta da ƙwari. Randata shekara da shekaru tana shan wuta."

"Ƙwarai, Mma. Da gangan aka yi ta saka-saka, shi ya sa ba ta jurewa."

Na ce, "Azurfar fa? Hayaƙin ya kashe ta ko ya sako ta?"

Ta ce wannan ba su iya ganewa ba. Na'urar da za ta nuna ba a nan take ba, an aika da wani ɓangaren tukunyar kudu, ba ta san ranar da amsa za ta zo ba.

"To kaɗan ɗin da kika ce tana fita, in yaro ya yi shekaru yana sha, tana taruwa a jikinsa?"

Ta dube ni, ta dubi yarinyar da ke jan igiyar hular kwanonta. Ta ce, "Iyakar abin da aka sani, kaɗan ɗin nan ba a ga ta yi illa ba. Ba zan ce miki an gama sani ba. Amma ruwan jarka, mun gama sanin abin da yake yi wa yara."

Wannan ni ma na sani, na gani a Gurugu.

Bayan ta tafi na shiga ɗaki na yaye zanin. Na wanke ɗan kofin yarinyar, na tara a famfon bokitin, na ɗaga shi a haske ban ga komai ba, kamar kullum. Na zaunar da ita a cinya na ba ta. Ta sha, rabi ya zube a wuyanta, ta kama kofin da hannu biyu tana son ƙari. Ranar na duba zanin gindinta fiye da yadda ya kamata, washegari ma haka. Ba abin da ya faru.

Kwaɗon na cire shi a makon. Na fito da bokitin na ajiye a rumfa kusa da randunan Mma. Ta dube shi ta ce, "Ba zan taɓa muku 'yar gwal ɗinku ba." Na ce azurfa ce, Mma. Ta ce duk ɗaya, tunda ba a sa ta a wuya.

A awo na gaba da aka raba wa wasu tukwanen, ina zaune na ji nas ta ƙara a cikin gargaɗinta: kada sabulu, kada soson ƙarfe, kada a yi mata turare. Wata ta ce, "Wa zai yi wa wannan turare?" Wata kuma can gefe ta ce, "Ba ki da suruka ne?" Na sunkuyar da kai ina gyara wa 'yata hula.

Amsar da aka ce za ta zo daga kudu ban ji ta ba har yau. Na taɓa hango ma'aikaciyar a kan babur wajen Kalpohin, ta ɗaga mini hannu, ba ta tsaya ba.

Yarinyar yanzu tana gudu ko'ina, kuma ta gano randar kakarta. Ta fi son wannan ruwan. In na ba ta na bokiti sai ta ture, ta je ta tsaya a gindin randa tana kiran Mma, ita kuwa ta ɗebo mata tana kallona ta gefen ido. Na yi faɗa, na yi lallashi, ban ci nasara ba. Abin da na koma yi shi ne, da safe kafin kowa ya taɓa randar, in kwashe sauran ruwan jiya in wanke ta, in juye mata wanda ya kwana yana ɗiga daga tukunyar. Tukunya ɗaya ba ta cika randa, shi ya sa kullum randar Mma rabi take. Tana mita a kan haka, tana cewa baƙi za su ɗauka rowa muke yi. Amma ranar da masu yalo-yalo suka sauke jarkoki, na ga da kanta ta ɗauki moɗa ta fara zubawa a tukunyar azurfar, a hankali, don kada ya fantsama cikin bokitin.